“Ba Komai” ɗin Baba Ummaru

Ban taɓa mantawa da ranar da na kulle albarushin ƙungiya gaba ɗaya saboda bindigar tsoho guda ba. Ko na so in manta ma mutanen unguwa ba za su bar ni ba, don daga ranar ne suka laƙaba mini Sale Kwaɗo, kuma ba kwaɗon ruwa suke nufi ba, na ƙofa.

Sabon sakatarenmu ne ya ce in rubuta wa yaran da aka ɗauka bana wani abu a kan riƙe bindigar toka. Na ce masa ni ba malami ba ne, a ƙaramar sakandare na tsaya, babanmu na rasuwa na shiga gareji. Ya ce in rubuta yadda nake magana. To ga shi nan. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara abinsa. Wanda ya ga kuskuren aiki ya zo ya same ni a bakin get, can nake yanzu.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, mu ƙungiyar 'yan sintiri ce ta wani ɓangare na Rigasa. Kwamanda ne a sama, sai mataimakinsa, sai sakatare, sai ma'ajin makamai, sannan sauran 'yan sintiri. A lokacin da nake ba da labari ni ne ma'ajin makamai. Makullin ɗakin ajiya yana hannuna, haka na akwatin albarushi. Bindigoginmu na toka ne, ƙirar maƙera, irin waɗanda ake ɗura wa ta baki, kuma 'yan sanda sun san da zamansu. Da yamma in miƙa wa masu fita sintiri, da safe su dawo mini da su. Wadda ta dawo da ɗuri a cikinta ba ta shiga ɗaki. Ko dai a harba ta a ramin yashi da muka haƙa a bayan ofis, ko a zaro abin da ke ciki.

Ku yara, ga abin da nake so ya zauna a kanku. Bindigar toka ba ta da taga. Bindigar soja kana iya buɗe ta ka leƙa, wannan kuwa cikinta duhu ne, hanya ɗaya ce ta sanin ko akwai abu a ciki, ita ce sandar ɗuri. Kowace bindiga da sandarta, kuma kowace sanda na yi mata tsaga a daidai inda take tsayawa idan bindigar wayam take. Ka zura sanda, fuskarka a gefe. In tsagar ta zo daidai baki, babu komai. In ta tsaya a sama, akwai ɗuri, ko uban wa ya rantse maka. Albarushi kuma a ma'auni ake zuba shi, daga ma'auni zuwa bindiga, ba a kafa bakin kwalba a bakin bindiga, don sauran tartsatsi na iya kwana a ciki bayan harbi. 'Yar hular ƙarfen nan da kunamar bindiga ke sara ta ba da wuta, ita ce ta ƙarshe, sai an zo harbi ake ɗora ta. In ka ja kunama ta ƙi tashi, kada ka juyo ta ka leƙa bakinta kamar mai neman kuɗi a rijiya. Bar bakin inda yake, ka jira sosai, tana iya farkawa daga baya. Mai shan taba kuwa ya je can ya ƙarasa kashe kansa shi kaɗai.

Rabin abin nan da na lissafa, a wurin Baba Ummaru na koya. Wannan shi ne abin da ya sa labarin yake mini ɗaci.

Baba Ummaru tsohon mafarauci ne, mutumin Zamfara. Ya baro ƙauyensu lokacin da zama ya gagara, ya sauka wurin 'yarsa a unguwarmu, ya shigo ƙungiya da bindigarsa ta kansa. Doguwa ce, an naɗe ƙotarta da jar fata, da layu a jiki. Ita kaɗai ce ba ta kwana a ɗakin ajiyata, Kwamanda Isuhu ya yi masa wannan alfarma saboda girmansa. Kuma a al'adarsu ta mafarauta, wani namiji ba ya zura sandarsa a bindigar wani, suna cewa yana karya laƙanin da ke jikinta. Na san da haka, ban taɓa taɓa ta ba. Shi ne ya koya mini sauraren sanda. Ya ce in bindiga wayam take, ka saki sanda a ciki za ka ji ta yi ƙara ƙal, kamar an jefa cokali a tasa. In da ɗuri, sai ta yi dum, kamar an daki buhu.

Wata Asabar ce a tsakiyar damina. Wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi ya saya wa ƙungiya babura, aka shirya taron miƙa su a filin da ke gaban ofishinmu. An kafa rumfa, an jera kujerun haya, mata da yara sun cika gefen fili. Kwamanda ya ce idan Alhaji ya sauko daga mota za a yi masa harbin murna, kuma Baba Ummaru ne zai buɗe, tunda bindigarsa ta fi kowacce amo. Harbin murna albarushi ne zalla da tsumma, ba a sa ƙarfe ko ɗaya. Bindigar sintiri kuwa da ƙarafuna ake ɗura ta. Shi ya sa tun da hantsi na fito da benci bakin ɗakin ajiya na ce kowa ya kawo tasa a auna ta da sanda kafin in ba da albarushi.

Kowa ya kawo, na auna, suka jingine su a bango. Sai ga Baba Ummaru. Tun daga nesa jikina ya ba ni. Mutumin da kullum yake saɓa bindigarsa a kafaɗa kamar sandar kiwo, ranar ya riƙe ta da hannu biyu, bakinta a sama, ya nesanta ta da fuskarsa. Da ya iso bai jingine ta tare da sauran ba. Mai bindiga yana iya ɓoye maka da baki, amma hannunsa ba ya iya ƙarya.

Na taso na je kusa da shi, na rage murya. Na ce, “Baba, barka da hantsi. Akwai wani abu a cikinta ne?”

Ya ce, “Ba komi, Sale. Zubo min albarushi.”

Na ce, “Baba, wane ba komai? Ba komai a ciki, ko ba komai in bar maganar?”

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, “Na ce maka ba komi. Hausa ta ɓace maka?”

Ku lura da wannan, don a nan gizo yake saƙa. Mu Hausawa ba komai ɗinmu iri biyu ne. Akwai na cewa abu wayam yake. Akwai kuma wanda muke faɗa in an taka mana ƙafa a cikin bas, ko an ci mana bashi, ko likita ya tambaye mu ciwo alhali muna mutuwa. Tsohon nan bai yi mini ƙarya ba, mai salla ne, ba zai yi ba. Ya ba ni na biyun ne, yana fatan in ɗauka na farkon ne.

Na ce, “To Baba, ni ba zan taɓa ta ba, na san doka. Ga sandarka nan a jikinta. Mu zagaya baya, ka zura da hannunka, in ji da kunnena, shi ke nan.”

Ya ce, “Tun ba a haihe ka ba nike ɗura bindiga. Yau kai za ka auna ni?”

Ya ɗaga murya da gangan, don mutane su ji. Aka fara matsowa. Sai ga Kwamanda Isuhu cikin sabon kaki, gumi na keto masa, waya a kunne. Ya ce me ke faruwa, Alhaji ya baro Unguwar Sarki, yana hanya. Na faɗa masa. Ya juya wurin Baba ya ce, “Baba, akwai matsala ne?” Baba ya ce ba komi. Kwamanda ya juyo kaina ya ce, “Ka ji. Ya ce ba komai. Ba shi albarushi.”

Na ce, “Oga, ba zan bayar ba sai an auna.”

Ya ce, “Sale, ni nake ba ka umarni.”

Na ce, “Na ji, Oga. Amma dokar da ta ce ba a ba bindiga albarushi sai an auna, da bakinka ka karanta mana ita ranar da aka ba ni makulli. Ba ka ce ban da mai furfura ba.”

Wani cikinmu, Ɗanjuma, mai bakin tsiya, ya ce, “Oga, ai sai a ba Baba daga na wani. In an zuba wa Habu, Habu ya raba masa.” Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don gaskiya ya faɗa, haka za su yi. Sai na shiga ɗaki, na mayar da kwalbar albarushi da ma'auni cikin akwati, na datse kwaɗo, na fito na datse na ƙofa, na zura makullan a aljihun wando. Na dawo kan benci na zauna.

Na ce, “To yanzu babu na kowa. In an auna bindigar Baba, kowa ya samu. In ba a auna ba, a tarbi Alhaji da tafi.”

Fili ya ɗauki surutu. Wannan ya ce ba ni da kunya, wancan ya ce ina so in tozarta dattijo. Wani ya ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na ce masa haka ne, amma ba sai ni na auna masa albarushi ba. Kwamanda ya sunkuyo har ina jin warin turarensa, ya ce, “Wallahi in ka kunyata ni gaban baƙo, makullin nan ba zai ƙara kwana a hannunka ba.”

Zan faɗa muku gaskiya. Aikin ma'aji shi ne abu ɗaya da na taɓa riƙewa a duniya da ake kirana da muƙami. Ɗan abin da ake ba ni a kai shi ke cika mini cefane. Kuma ban tabbatar ba. In aka zura sandar nan ta yi ƙal, na gama yawo a Rigasa, na ci mutuncin tsoho a banza. Amma na dubi gefen fili, inda yara suka zauna a ƙasa suna jiran ƙara, na dubi hannun Baba da har lokacin bai sauke bakin bindigar ba. Na ce, “Oga, ka karɓa gobe. Yau dai yana hannuna.”

Kwamanda ya ce a kawo guduma a fasa kwaɗon. Na ce a kawo, amma duk wanda zai daki ƙarfe da ƙarfe a kan akwatin albarushi ya bari in kwashe yaran mutane tukuna. Ba wanda ya motsa.

Muna cikin haka aka ji hon ɗin motoci daga bakin titi. Kwamanda ya rasa inda zai sa kansa. Ya juya wurin Baba, har da rusunawa, ya ce, “Baba, don girman Allah, zura masa sandar nan mu huta da mahaukacin nan.”

Baba Ummaru ya daɗe yana kallona. Ba kallon fushi ba ne kaɗai, akwai roƙo a ciki, kuma na gane shi, na kau da kai. Sai ya zare sandar, ya kafa gindin bindigar a ƙasa, ya karkatar da bakin, ya saki sandar a ciki.

Dum.

Sandar ta tsaya, ta yi saura a waje kamar faɗin tafin hannu. Duk wanda ya san bindiga a wurin ya ji, ya kuma gani.

Kwamanda ya ruga tarbar baƙo. Ni da Baba muka zagaya bayan ofis wurin ramin yashi. A can ya faɗa mini, ba tare da ya dube ni ba. A sintirin da ya fita cikin makon, ruwa ya dake su, suka hangi wasu suna taɓa shagon mutane, ya ɗaga ta sama don ya tsorata su, ta ƙi tashi. Ya sake hula, ta ƙi. Albarushin ya sha danshi. Abokan tafiyarsa sun ɗauka fasawa ya yi. Ya ce, “Sale, in mahwarauta sunka ji bindigata ta ƙi tashi, cewa za su yi an ɗaure mata baki, Ummaru ya ƙare. Mi ar rage min ban da ita? Gona ta tahi, gida ya tahi.” Niyyarsa ya zuba sabon albarushi a kan tsohon ɗurin, ya ɗan tura wani ta wurin hula, idan an yi harbin murna komai ya fice cikin hayaniya, ba wanda ya sani.

Na ce, “Baba, da ƙarafuna a ciki fa.”

Ya ce, “Sama za ni harbawa.”

Na ce, “Abin da ya hau sama ina yake sauka? Kuma ɗuri kan ɗuri a tsohuwar bindiga, kai ka koya mini abin da yake yi wa hannu.”

Na ce masa hanya ɗaya ce. A tabbatar babu hula, a cika bututun da ruwa, a bar shi ya jiƙa albarushin har ya mutu, sannan a zaro ɗurin da sanda mai ƙugiya. Ya ce, “Ruwa? A bindigata?” Na ce ruwa. Na ɗauko butar alwala na miƙa masa, na ce ya zuba da kansa, ni ba zan taɓa ba. Ya zuba. Muka zauna muna jira, muna jin mai lasifika yana ta zuba wa Alhaji kirari. Da ya jiƙu, shi ya zaro da hannunsa: tsumma, sai ƙarafuna irin na gindin keke, sai baƙin caɓi. Ya wanke ta, ya goge, ya saɓa a kafaɗa, ya fita ta ƙofar baya.

Sannan na buɗe akwati na auna wa sauran. Kafin a gama ɗuri Alhaji ya riga ya yi jawabi, ya miƙa makullan babura, yana shirin shiga mota. Harbin tarba ya koma na rakiya, shi ma a warwatse, wannan ta tashi, waccan ta biyo baya kamar tarin tsofaffi. Na ji direbansa yana dariya.

Kwamanda ya cika alkawarinsa. A taron da ya biyo baya aka ce ba a musun gaskiyata, amma ba ni da ladabi, ban iya zama da manya ba, na sa ƙungiya ta ji kunya, na kuma kori dattijo. Aka karɓi makulli aka ba wani. Aka mayar da ni gadin get. Ba wanda ya tashi ya ce a duba abin da aka zaro daga bindigar nan. Abin da na fi ji ma shi ne masu cewa, “Ai da an bar shi da ba abin da zai faru.” Wataƙila. Ni ma ban sani ba. Wataƙila da ta tashi lafiya, ƙarafunan su zuba a kan kwanon ɗakin wani. Wataƙila da ta tsage ta tafi da yatsunsa, ko da idon 'yar wani. Ba ni da shaida, don abin da na hana bai faru ba, kuma abin da bai faru ba ba a ɗaukar hotonsa.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, ku yara. Wanda ya ɗauki mai rauni ya kai asibiti, shi ake yi wa godiya a masallaci. Wanda ya hana raunin, sunan banza yake samu. In kuna neman a so ku, ku nemi wani aiki, ku bar makullin albarushi. Na kuma koyi cewa ba jahili ne kaɗai ke kashe mutane da bindiga ba. Jahili yana tambaya. Gwani ne abin tsoro ranar da kunya ta kama shi, don ya san abin da ke ciki sarai, kuma ya fi son ya rasa hannu da a ce ya gaza. Saboda haka kada ku tambayi mutum abin da ke cikin bindigarsa, ko shi ya haife ku. Ku ba shi girmansa, ku gaishe shi, ku ja shi gefe in zai yarda, amma sandar za ku saurara.

Baba Ummaru bai sake taka ofishinmu ba. Yanzu yana gadi a wani shagon kayan mota kusa da tashar Kawo. Nakan gan shi in na je wajen. Na gaishe shi sau da yawa, bai taɓa amsawa ba, sai ya juya kai ya ci gaba da jan carbinsa. Da farko abin yana ci mini rai. Yanzu nakan ɗan tsaya daga tsallaken titi in kalli yatsun da yake jan carbin da su. Suna nan cif, ba wanda ya ɓace. Na yarda ya ci gaba da fushi da ni, yatsunsa na hannunsa, har Allah ya ɗauki ran ɗayanmu.